Karatun aikin banki: wa za ya riƙe ajiyar jama'a?

Daga ƙarshen Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, lokacin da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka kuma toshe asusun gwamnati a babban bankin BCEAO, ma'aikata da ƴan kasuwa sun sha tsayuwa a bakin bankuna, kowa yana jiran ɗan abin da aka ƙayyade masa ya fidda. Wannan wahala ta sake tada wata tsohuwar magana: su wane ne ke riƙe da ragamar bankuna, kuma ina suka koyo aikin?

Bankin raya ƙasa BDRN, wanda aka kafa a 1961, shi ne ginshiƙin kasuwanci a zamanin da ƙarfen uraniyum ke da daraja. Da rancensa ne alhazai da dama na Maraɗi da Damagaram suka faɗaɗa fatauci. Da farashin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, sai bashi ya ƙi dawowa. Wani rancen ma an ba da shi ne bisa sanayya da alfarma, babu jingina mai ƙwari, babu mai bin sawun kuɗin. A 1990 bankin ya durƙushe, aka kafa Sonibank a gurbinsa. A shekarar nan ce, ran 24 ga Afrilu, ƙasashen UMOA suka kafa hukumar sa ido bisa bankuna mai mazauni a Abijan, domin irin wannan karaya ta auku a Benin da Senegal ma.

Makarantun horo kam akwai su. Tun 1977 BCEAO ya buɗe cibiyarsa ta COFEB a Dakar, a can kuma makarantar CESAG take, wadda ke ba da babban digiri a fannin banki. A gida, Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Tawa suna koyar da tattalin arziki da tafiyar da ma'aikatu. Ɗalibi yana koyon karanta lissafin kamfani, da auna ko mai neman rance zai iya biya, da kuma bambanci tsakanin bankin da ya karye da wanda ke da dukiya amma ba shi da tsabar kuɗi a hannu ranar da masu ajiya suka taru. Aikin kuwa sai ƙara nauyi yake: daga 1 ga Janairu na 2018 ƙa'idojin Bal na duniya suka fara aiki a yankin, a Disamba na 2023 kuma aka ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga miliyar 10 zuwa miliyar 20 na sefa.

Amma fa akwai giɓi. Littattafan da ake karantawa suna magana ne bisa kamfanoni masu rubutaccen lissafi, alhali wanda zai shigo banki shi ne mai safarar albasa daga Galmi, ko dillalin dabbobi da ke cinikinsa rabi da naira rabi da sefa, lissafinsa duka a ka. Wani kuma adashi ya fi kwanta masa a rai, wani tsoron riba ne ya hana shi taka ƙofar banki. Sai a 2018 BCEAO ya fidda ƙa'idojin bankin Musulunci, kuma wannan fanni yana bukatar malamai nasa na daban. Abin da ya fi wuyar koyarwa a aji, shi ne ƙarfin halin da ƙaramin ma'aikaci zai ce wa babban mutum takardunsa ba su cika ba.

A Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, amma ta tsaya cikin ƙungiyar kuɗin sefa. Masu kiran a buga kuɗin ƙasashen AES ba su cika ambaton wannan ba: ranar da aka yi haka, binciken da hukumar Abijan ke yi da lissafin da ake yi a Dakar duk za su dawo wuyan ɗaliban da ke zaune yau a azuzuwan Yamai da Tawa.