Tabki a cikin aji

Yara, wa ya taɓa ganin injin tace ruwa a bakin tabki? Babu. Amma ga karfasa da tarwaɗa a tabkunan Tasawa, ga gaiwa cikin kududdufan Gulbin Kaba wajen Mayahi, suna zamansu tun damina har ruwa ya ja. Shi ya sa nike ganin ya kamata kowane aji ya sami ɗan tabkinsa cikin babbar kwalba. Wasu na cewa ba a kiwon kifi cikin ɗaki sai da inji da lantarki. Ni ban yarda ba.

To, wa ke tace ruwan tabki? Kifi yana fitar da datti, dattin kuwa dafi ne gare shi in ya taru. Cikin rairayi akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ke juya dattin nan ya zama taki. Tsire-tsiren ruwa, irin su kainuwa da bado, sai su sha takin. Waɗanda ganyensu ke nitse kuma, in haske ya same su, sukan saki iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. Kowa na cin arzikin wani. Tun a 1850 wani masani a birnin Landan, Robert Warington, ya gwada haka da kifi 2 da ciyawar ruwa cikin gilashi, suka rayu ba inji.

Sai dai kwalba ba tabki ba ce, kuma a nan ne na taɓa yin kuskure. Wata shekara muka zuba ƴan kifi fiye da 10 cikin ruwa lita 20. Kowane yaro yana son ya ciyar da su. Wannan ya jefa tuwo, wancan ya jefa ƙuli-ƙuli, ni kuma ban hana ba, don na ga suna murna. Kwana 4 ruwa ya yi fari, ya soma wari. Ran Litinin da safe muka tarar da su duka a sama, ciki a waje. Wata yarinya ta yi ta kuka har aka tashi. Ba rashin inji ya kashe kifin nan ba. Yawansu da yawan abinci ne, kuma laifina ne.

Ga abin da na koya. Ruwa lita 20, wato bido ɗaya, ƴan karfasa 2 ko 3 masu tsawon ɗan yatsa sun ishe shi. Tarwaɗa ba ta aji ba ce: girma gare ta da sauri, kuma tana haɗiye ƙanana. A fara shimfiɗa rairayi wankakke, a sa tsire-tsire, a rufe bakin kwalba da guntun sange don kada sauro ya yi ƙwai, a jira sati 2 kafin a kawo kifi. In ruwan famfo ne, a bari ya kwana, warin magani ya fita. Abinci kuwa ɗan dusa, abin da yatsu biyu suka tsinto, sau ɗaya a yini, yaro ɗaya ke bayarwa. Kainuwa in ta rufe fuskar ruwa, a kwashe rabi. A aje kwalba kusa da taga, amma kada rana ta buge ta, don ruwan zafi ba ya riƙe iska da yawa.

Abu ɗaya ba na wasa da shi. Shi Warington ya sa katantanwa cikin nasa gilashi don ta cinye gansakuka. Mu kada mu sa. Ƙananan katantanwar tabkunanmu su ne gidan ƙwayar tsargiya, cutar nan da ke sa yaro fitsarin jini. Kada wani yaro ya shiga tabki da sunan neman kifin aji. A roƙi masunci ya kawo. Malam ya wanke saiwar kainuwa, ya bar ta sati guda cikin bokiti, duk katantanwar da ta fito a fid da ita.

Wani uba ya ce mini: «Malam, ruwan sha ma da ƙyar, sai na kifi?» Yana da gaskiya, ruwa na da wuya a ƙasarmu. Amma lita 4 kaɗai ake canzawa kowane sati, kuma tsohon ruwan ba ya ɓacewa: a zuba ma iccen da ajinku ya dasa, taki ne gare shi.

A fara cikin Oktoba, lokacin da tabkuna ke cike kuma an koma makaranta. Karfasa za su girma, su soma tonon rairayi da cin tsire-tsire. Kafin zafin Afirilu a maida su ga masuncin da ya kawo su, ya sake su cikin tabkin da bai ƙafe ba.