Idon Na'ura Ya Gaji: Me Ya Hana Mu Rubuta Ilimin Gyara da Hausa?



Yau da na'urar gem za mu fara, kuma muna roƙon manyanmu na wannan zaure su yi mana haƙuri har ƙarshe kafin su ce yaran nan sun kawo wasa cikin harkar adabi.

Muna da ƙane a gida Masama mai ɗan shagon gem a bakin hanya. Talabijin biyu, PlayStation 2 biyu, benci, da ƙaramin janareta. Da kuɗin da yara ke biya su buga ƙwallo yake sayen fetur, da su kuma yake tara kuɗin jarrabawar fita sakandare. A tsakiyar hunturun da ya wuce, ɗaya daga cikin na'urorin ta daina karanta faifai. Ka sa faifai, ka ji ya juya kaɗan, sai ƙas-ƙas, sai allo ya nuna kamar ba a sa komai ba. Rabin cinikin shago ya tsaya ke nan, ga ranar rufe rajista tana matsowa.

Ya same mu ya ce, "Yaya, ku da kuka yi boko har difloma, ku duba mani yadda ake yi." Muka ɗauki waya muka shiga intanet. Bayani ga shi nan jibge da Turanci, ga bidiyo kala-kala masu cin data. Da Hausa kuwa, iya bincikenmu ba mu sami abin da za mu miƙa masa ya karanta da kansa ba. Kafin mu ankara 'yan shawara sun taru. Wannan ya ce a hura mata iska da baki, wancan ya ce a goge faifan da fetur, wani ya ce a ɗan bubbuga ta, haka ake yi wa rediyo. Da an bi ta tasu, da yau labarin na'urar ya zama tarihi.

A ƙarshe Birnin Kebbi muka kai ta, wurin wani dattijon mai gyara. Ya saurari ƙarar sau ɗaya ya ce, "Wagga ba ta mutu ba, idonta na ya gaji." Muka ce, "Baba, a yi mana bayani, muna son mu gane." Abin da ya koya mana a wannan zama, da abin da muka ƙara karantawa daga baya, shi ne za mu taƙaita a nan.

Faifai yana ɗauke da bayanansa ne a kan layi ɗaya siriri da ya naɗe kamar faifan kaba, daga tsakiya zuwa baki. A cikin na'urar akwai ɗan gilashi, shi masu gyara ke kira ido. Ta cikinsa hasken leza ke fita ya bugi faifan ya dawo, daga yadda ya dawo na'urar ke gane abin da aka rubuta. Duk abin da ya rage hasken nan, ko ya hana shi dawowa daidai, zai sa ta ce ba ta ga faifai ba. Saboda haka bincike daga faifan yake farawa. A gwada wasu faifai biyu ko uku. Idan ɗaya ne kawai ya ƙi, laifinsa ne. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye. Dalili kuwa, ƙarzanen da ya ratsa layi ɗan kaɗan yake ci daga kowane zagaye, na'urar tana iya cike gurbin, amma wanda ya bi layin yana shafe dogon bayani a jere.

Idan duk sun ƙi, sai a lura da irin wanda ya ƙi. PS2 tana karanta CD da DVD, kuma kowanne da irin haskensa: na DVD ja ne, na CD ido bai cika ganinsa ba. Faifan gem na asali mai shuɗin ƙasa CD ne, mai ruwan azurfa DVD. In tana karɓar iri ɗaya tana ƙin ɗayan, alama ce hasken ɓangare ɗaya ya yi rauni. In faifan ba ya juyawa sam, a duba moton da ke juya shi, a siririyar PS2 kuma a duba ƙananan madannan da ke shaida wa na'urar cewa an rufe murfi. In kuwa faifai na fitowa da ƙarzane zagaye, sau da yawa wayar nan mai faɗi da ke bin ido ce ta ɗago tana gogarsa.

Sai an gama wannan ake zuwa ga ido. A cire wuta gaba ɗaya tukuna. A jiƙa auduga kaɗan da sifirit mai kyau, a shafa a hankali ba tare da dannawa ba, a bari ya bushe. Kada a leƙa ido yayin da na'ura ke kunne. Akwai ɗan abin murɗawa da ke ƙara wa hasken ƙarfi, wasu masu gyara suna murɗa shi na'ura ta tashi nan take, mai ita ya tafi yana murna. Dattijon ya ce wannan kamar a yi wa gajiyayyen jaki bulala ne, zai yi sauri yau, gobe ya kwanta. Idan shara ba ta yi ba, sai sabon ido, kuma sabon kan zo da ɗan ɗigon dalma da aka toshe shi da shi don kariya. Wanda bai cire ba zai ɗaura ido lafiyayye ya rantse jabu aka sayar masa.

Tamu ƙurar hunturu ce ta rufe idon, ga tsufa, ga faifan kofe da ba ya mayar da haske kamar na asali. An share, ta tashi. Ya ce a riƙa rufe ta da ƙyalle in an kashe, a kuma fara tanadin sabon ido. Ƙanenmu ya yi rajista, amma kwanakin cinikin da ya rasa, da kuɗin mota zuwa da dawowa, sun fi kuɗin gyaran.

To ga inda zancen ya shafe mu. Bayanin nan duka bai wuce shafi ɗaya ba. Da akwai shi a rubuce da Hausa, da yaron ya yi rabin binciken a shagonsa, ko kuma ya je wurin mai gyara ya san abin da zai tambaya. Mu da muke kiran kanmu marubuta, kullum muna kukan cewa mutane ba sa karatu. Mun taɓa tambayar kanmu me muka rubuta da mai shago, ko mai injin ban ruwa a fadamar shinkafa, ko mai cajin waya zai nema da ƙafarsa? Muna da labaran soyayya dubbai a waya, kuma ba mu raina su ba, da su da yawanmu muka koyi son karatu. Amma harshen da ba a gyara komai da shi a rubuce, a hankali masu shi za su ɗauka na hira ne kawai, in an zo aiki sai a nemi wani.

Mun san abin da za a ce, domin an faɗa mana a taron ƙungiyarmu.

Na farko, wai Hausa ba ta da kalmomin. Masu gyara sun riga sun amsa wannan. Su suka ce ido, suka ce ya gaji, suka ce moto, suka ce dalma. Ba su jira kwamitin fassara ba. Kalmomin suna nan a bakin tebur, a Birnin Kebbi da Sakkwato da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mu ne ba mu je mun ɗauko ba.

Na biyu, wai wannan ba adabi ba ne, aikin makanikai ne. Mu 'yan ƙasar Gwandu bai kamata mu faɗi haka ba. Malaman da muke alfahari da su ba su ware ilimi mai amfani gefe ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubutu a kan magani, har da ciwon ido da basur. A zamanin boko ma, Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne ya haɗu da Rupert East suka yi Ikon Allah don bayyana wa mai karatun Hausa yadda halittu da duniya suke. Bayyana abu mai wuya da sauƙi gwaninta ce. Duk wanda ke ganin wasa ne, ya gwada bayyana wa ƙaramin yaro yadda faifai ke magana cikin jimla biyar.

Na uku, wai gem ɓata lokaci ne, me zai sa mu taimaka. Wannan damuwa tana da tushe. Mun ga yaran da ke gudun makarantar allo da ta boko su ɓuya a shagon gem, mun ga inda wasa ya koma caca. Mai shago yana da hakkin korar yaro a lokacin karatu da lokacin salla, kuma ya kamata mu rubuta wannan ma. Amma yaron da ya buɗe na'ura ya gane dalilin da ya sa ta tsaya ya riga ya taka matakin farko na sana'a. Hanyar da muka bi, wato a fara da abu mafi sauƙi, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a lura da sakamako, ita ce dai ake bi a gyaran janareta da fanka da injin ban ruwa.

Na huɗu, wai faifai ya wuce zamani. Gaskiya ne a wani ɓangare. Sony ta fitar da PS2 a shekarar 2000, ta sayar da sama da miliyan 150, ta daina ƙera ta a farkon 2013. Da PS5 ta fito a 2020, akwai samfurin da ba shi da wurin faifai sam. Ko a nan, shaguna da yawa sun koma ɗora wasanni a filas. Sai dai kayan da aka gama yayinsu a Turai da Japan su ne ke isowa garuruwanmu a matsayin na hannu, kuma mu ne muke rayar da su shekaru bayan masu ƙera su sun wuce gaba. Wanda ke rayuwa da tsofaffin kaya ya fi kowa buƙatar ilimin gyara. Kuma dattijon da ya gane ciwon daga ƙara ɗaya, in ya bar aiki, ina ilimin nan zai koma in ba a rubuta ba?

Shawararmu ke nan ga wannan mako. Kowa ya zaɓi mai gyara ɗaya a unguwarsu, na waya, na babur, na keken ɗinki, ko na injin markaɗe. Ka je da ladabi, ka nemi izini, ka zauna ka saurara. Ka tambaye shi matsala ɗaya da aka fi kawo masa, da kuskuren da mutane ke yi kafin su kawo. Ka rubuta da kalmominsa, kada ka yi musu kwalliya. In ka gama, ka koma ka karanta masa, ya gyara maka kamar yadda yake gyara inji, domin bayanin gyara in ya karkace dukiyar mutum yake ci. Sannan ka ba wanda bai san aikin ba ya karanta, ka ga ko ya gane.

Mu namu na farko shi ne wannan da kuka karanta. Mun kwafe sashen gyaran a takarda, ƙanenmu ya manna a bangon shago kusa da talabijin. Muna jiran naku, da gyaran duk wanda ya fi mu sanin aikin.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalaminmu ya amfani jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.