SHARHI: Takarda da wayar salula: Darasin da ma'aikatun tarayya za su ɗauka daga masu talla

Tun da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack, ya ɗibar wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba, 2025 domin su rabu da fayil ɗin takarda, zancen da ya mamaye Sakatariyar Tarayya shi ne na kwamfuta da manhajar adana takardu. Manufar tana da tushe. Duk ma'aikacin da ya taɓa bin sawun fayil ɗinsa na ƙarin girma daga wannan ofis zuwa wancan, har a ƙarshe a ce masa ya ɓata, ya san darajar a ce takarda tana da mazauni guda da za a iya dubawa a kowane lokaci.

Sai dai fayil ɗin da ke yawo tsakanin darakta da babban sakatare daban yake da takardar da gwamnati ke aika wa ɗan kasuwa a Onica ko manomi a Lafiya. Na farko sha'anin cikin gida ne, tsakanin mutanen da aka ba kwamfuta aka kuma horar da su. Ta biyu saƙo ce zuwa ga jama'ar da yawancinsu ƙaramar waya ke hannunsu, data kuma sai an auna. Idan aka zuba su a kwando ɗaya aka ce duk wata takarda ta zama tsohon yayi, hukumomi za su wayi gari suna magana da waɗanda ke shafukan sada zumunta kaɗai.

Kamfanonin talla a ƙasashen da suka riga Najeriya shiga intanet sun ratsa wannan mararraba. Abin da suka ƙare a kansa ya cancanci nazarin duk jami'in yaɗa labarai da duk hadimin da ke tsara saƙon mai gidansa.

Yadda ake ɗaura auren takarda da waya

Sa'ad da imel ya bazu, an yi zaton wasiƙar talla ta gama yayi. Amma da akwatunan imel suka cika da tarkace, masu talla suka lura cewa saƙon da ya shiga waya da yatsa ɗaya ake share shi, takarda kuwa tana iya kwana a kan tebur mako guda, mai gida ya gani, uwargida ta gani, baƙo ma ya ɗauka ya duba. Rauninta shi ne bebiya ce: wanda ya aika ba ya sanin ko an karanta. Fasahar zamani ta zo ta toshe wannan giɓi ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ɗab'in da ke sauya bayani daga takarda zuwa takarda. Injin ɗab'i na zamani yana karanta jerin sunaye daga kwamfuta, ya buga kowace takarda da sunan mai ita, da harshen da yake ji, da adireshin ofishin da ya fi kusa da shi, ba tare da an tsayar da aiki ba.

Ta biyu ita ce lambar QR, wannan zane mai kusurwa huɗu da kyamarar waya ke karantawa. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙire ta a 1994 domin bin sawun kayan haɗa motoci. A yau ita ce ƙofar da ke kai mai riƙe da takarda zuwa fom, ko bidiyo, ko shafin biyan kuɗi.

Ta uku ita ce lamba ta musamman ga kowace takarda ko kowane ƙunshi. Da zarar an yi amfani da ita, mai aikawa ya san wace unguwa ce ta amsa, a wace rana, kuma mutum nawa ne suka kai ƙarshen abin da aka nema.

Hukumar gidan wayar Amurka ta ƙara wani mataki a 2017 da shirin Informed Delivery, inda wanda ya yi rajista ke samun hoton bangon wasiƙun da ke kan hanyar zuwa gidansa ta imel tun kafin ɗan aike ya iso, masu talla kuma suna iya liƙa mahaɗin shafinsu a jikin hoton. Saƙo ɗaya ya isa ta ƙofa biyu ke nan.

Denmark ta bi wata hanyar. Tun 2014 ta wajabta wa 'yan ƙasa karɓar wasiƙun gwamnati ta akwatin intanet, kuma kamfanin PostNord ya sanar da daina raba wasiƙu a ƙasar daga ƙarshen 2025. Amma Denmark ƙaramar ƙasa ce da kusan kowa ke da intanet da shaidar zama ɗan ƙasa ta zamani. Kwaikwayonta a nan tamkar ɗinka wa yaro rigar babansa ne.

Ba baƙon abu ba ne a nan

Abin sha'awa shi ne 'yan Najeriya sun daɗe da sabawa da wannan haɗi ba tare da an raɗa masa suna ba. Tun zuwan wayar salula a 2001, katin waya ya koya wa kowa kankare takarda, ya kwafi lamba, ya tura, ya ga sakamako nan take. Ɗalibai sun yi shekaru suna duba sakamakon jarrabawa da irin wannan kati.

A 2010 hukumar NAFDAC ta ɗauki wannan sabo ta mayar da shi makamin yaƙi da jabun magunguna. Mai saye ya kankare wani ɓangare a jikin kwali, ya tura lambar ta saƙon tes, a amsa masa ko maganin na gaskiya ne. Tsarin bai buƙaci babbar waya ko data ba. A 2021 kuma NIBSS ta ƙaddamar da NQR, wanda ya ba mai shago damar liƙa takarda a gaban kantinsa a biya shi ta waya.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai a fili yake. Takarda tana buɗe ƙofa, waya tana kammala ciniki, kuma tsarin da ya fi karɓuwa shi ne wanda ke aiki a ƙaramar waya. Hukumar da ta buga lambar QR kaɗai ta bar mafi yawan waɗanda take nema a baya. Dole a haɗa da gajeriyar lambar tura saƙo ko lambar USSD, irin wadda ake tura kuɗin banki da ita.

Gida ba adireshi

A nan ne kwatanci da Amurka ke tsayawa. Wasiƙar talla a can ta ginu ne a kan adireshi tabbatacce da ɗan aike mai zuwa ƙofa kwana shida a mako. Gidan waya a Najeriya tsohon ma'aikata ne, domin tun 1852 aka buɗe na farko a Legas, kuma NIPOST ta samu ne bayan raba tsohuwar hukumar P&T a 1985. Akwai kuma lambar yanki mai alƙaluma shida, kamar 900001 ta Garki da 100001 ta Ikeja. Amma lambar tana nuna yanki ne, ba ta kai mutum ƙofar gida. A Nyanya ko Mararaba, inda dubban ma'aikatan tarayya ke kwana, kwatance har yanzu shi ne bayan gidan mai, kusa da masallaci, sai a kira waya.

Ghana ta tunkari wannan matsala a 2017 da GhanaPostGPS, wanda ke ba kowane wuri lambar adireshi ta taswirar tauraron ɗan'adam. NIPOST, wadda Tola Odeyemi ke jagoranta tun Oktoban 2023, ta sha bayyana aniyar samar da makamancin haka. Kafin ya kankama har jama'a su riƙe lambobinsu a ka, aika wasiƙa gida-gida zai ci gaba da zama abin da za a iya yi a Maitama da Ikoyi, ya gagara a yawancin unguwanni.

Wannan bai kashe dabarar ba, ya dai sauya hanyar rabo. Takarda a Najeriya ta fi isa ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da tashoshin mota, da asibitocin sha-ka-tafi, da makarantu, da wuraren ibada, da fadar masu unguwa. Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta NOA tana da jami'ai a ƙananan hukumomi 774. Idan kowane ƙunshi da aka ba jami'i yana ɗauke da lambarsa, hedikwata za ta ga inda takarda ta kai da inda ta maƙale.

Inda batun ya taɓa aljihun gwamnati

Ɗab'i ya yi tsada. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su biya buƙatar ƙasa ba, mafi yawan takarda daga waje ake shigo da ita, kuma faɗuwar darajar naira tun bayan sakin farashin canji a Yunin 2023 ta bayyana a kowane lissafin da masu maɗaba'a na Shomolu ko Area 10 ke miƙawa. Kowace takarda da aka buga a yau kuɗi ce da ya kamata a iya kare kashe ta.

Ga kuma wata gaskiya da ma'aikata suka sani. Kwangilar buga kalanda da ƙasidu da fostoci tana cikin waɗanda suka fi wuyar tantancewa. Takardar biya za ta ce an buga adadi kaza, sito ya sa hannu ya karɓa, rahoto ya ce an raba. Babu mai iya cewa nawa suka isa hannun jama'a, nawa kuma suka ƙare a wurin mai ƙosai.

A ɗauka wata hukuma ta buga takarda 100,000 ta raba wa jihohi goma, kowace jiha da lambarta. Bayan wata guda, amsoshi suka riƙa shigowa daga jihohi takwas, biyu kuwa shiru. Ko dai ba a raba ba, ko saƙon bai dace da mutanen wurin ba, ko lambar ba ta aiki. Kowace daga cikin ukun tambaya ce da mai binciken kuɗi zai iya yi da hujja a hannu. Wannan ne babban alfanun tsarin, kuma shi ne dalilin da zai sa wasu su ƙi shi. Zai fi ƙarfi idan aka rubuta sharaɗin lamba da rahoton amsa a cikin takardar neman 'yan kwangila tun farko, a ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, maimakon a bar shi ga ganin damar jami'i.

Sunayen mutane amana ce

Takardar da ke ɗauke da sunan mutum tana buƙatar jerin sunaye, kuma a nan ne jami'i zai iya jefa hukumarsa cikin rigima. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowane mutum haƙƙin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aika masa talla kai tsaye. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tarar tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Sunayen da aka tattara domin biyan tallafi ko rajistar manoma an karɓe su ne domin wannan aikin. Miƙa su ga ɗan kwangilar ɗab'i a ƙaramin ma'ajin kwamfuta ba tare da yarjejeniya ba, ko karkatar da su zuwa yaƙin neman zaɓe, keta amana ne da doka ke hukuntawa. Hadiman 'yan siyasa musamman suna da buƙatar riƙe wannan iyaka, domin layin da ke tsakanin wayar da kai da tallan mai gida siriri ne. Jama'a ma sun nuna gajiyarsu tun tuni: ba banza NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 domin toshe saƙonnin da ba a nema ba.

Haɗari na biyu shi ne damfara. Ido ba ya karanta lambar QR, saboda haka ɗan damfara na iya liƙa tasa a kan ta gaskiya, ko ya buga takarda mai tambarin gwamnati da ke kai mutum shafin satar bayanan banki. Hukumar FBI ta gargaɗi Amurkawa kan haka a Janairun 2022. A ƙasar da shafukan ɗaukar aiki na bogi ke fitowa duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin gurbi, wajibi ne kowace lamba ta kai ga adireshin da ya ƙare da .gov.ng, a rubuta adireshin ƙarara a ƙarƙashinta, a kuma bayyana cewa hukuma ba ta tambayar lambar sirrin banki.

Sai batun harshe. Takardar Turanci mai cike da kalmomin doka ba ta zama mai sauƙi don an manna mata lamba. Amfanin haɗin zai fito ne idan lambar ta kai mutum ga muryar da ke masa bayani da Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, ko Turancin buroka, ta yadda wanda bai iya karatu ba zai saurara.

Gwaji na kusa

Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, misali ne na saƙon da ba zai wadatu da sanarwar shafukan sada zumunta ba. Mai shago a Kasuwar Wuse yana son sanin abu uku: shin dokar ta shafe shi, nawa zai biya, ina zai je. Takarda mai shafi ɗaya da shugaban layinsu ya miƙa masa, ɗauke da lambar da zai danna a ƙaramar wayarsa ya ji amsa da harshensa, ta fi masa amfani a kan kundin da aka ɗora a intanet.

Ma'aikatar da ke son gwadawa ba ta buƙatar sabon kasafi. Za ta iya ɗaukar takarda ɗaya da dama ta shirya bugawa a bana, ta rage yawanta, ta sa wa kowane ƙunshi lamba, ta kuma nemi sashen yaɗa labarai da na fasahar sadarwa su gabatar wa babban sakatare rahoto guda bayan kwana 30. Alƙaluman da za su fito ne za su nuna ko kwangilar baɗi ta cancanci a sabunta ta.