Minsharin Yaro da Aikin da Ke Wuyan Likitan Haƙori

A al'adarmu, idan yaro yana minshari sai a ce barci ya yi masa daɗi, a yi murmushi a wuce. Mu kuwa muna ganin akwai yaran da minsharinsu kukan neman agaji ne, musamman masu lalurar Down, waɗanda jama'a kan haɗa su da wasu a kira su duka galahanga. Kuma muna ganin likitan haƙori yana cikin waɗanda ya wajaba su fara amsa wannan kuka.

Lalurar ta samo sunanta daga John Langdon Down, likitan Ingila da ya bayyana kamanninta a 1866. A 1959 aka gano asalinta a Faransa, watau maimakon ƙwayoyin gado 46, mai ita yana da 47, domin ta 21 ta zo sau uku. Wannan ƙari yakan sa muƙamuƙin sama ya kasance ƙarami, ganɗa ta tsuke, harshe ya cika baki, naman maƙogwaro kuma ya yi laushi. To, idan barci ya yi nauyi, sai harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, yaro ya yi firgigit ya ja iska, sa'an nan ya koma. Haka zai kwana yana yi, alhali iyaye na zaton yana hutawa.

Illar ba ƙarama ba ce. Kusan rabin waɗannan yara da tawayar zuciya ake haifarsu, ƙarancin iska kowane dare kuwa ƙara wa zuciya da huhu nauyi yake yi. Da rana sai gyangyaɗi, da fushi, da kasa riƙe karatu, jama'a kuma su ce ai halin lalurar ne. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a gwada barcin kowane irin wannan yaro kafin ya wuce shekara huɗu, ko da iyaye ba su ga alama ba.

Ina ruwan likitan haƙori? Ai shi ne wanda aikinsa duka a cikin baki yake. Shi zai ga ganɗa mai zurfi, da haƙoran da suka cinye saboda cizon barci, da dasashin da ya kumbura don yaro da baki yake numfashi. Tambaya uku sun ishe shi ya fara: yana minshari? Yana kwana a zaune ko da wuya a miƙe? Numfashinsa yana ɗaukewa? In amsa ta zama i, sai ya tura shi wurin likitan yara ko na kunne da hanci da maƙogwaro, domin tabbatar da ciwon ba hurumin likitan haƙori ba ne shi kaɗai.

A wajen magani ma yana da hannu. Yakan sa wa yaro ƙarfen da ke buɗa muƙamuƙin sama a hankali tun ƙashi bai ƙosa ba, hanyar hanci ta ƙara faɗi. Babba kuwa ana iya yi masa abin sawa a baki da dare, mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya kasa jure na'urar hura iska da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1981, balle a garin da wutar lantarki ba ta kwana. Amma fa askar wanzami ba ta cikin magani, domin cire beli ba ya faɗaɗa muƙamuƙi, ba ya rage harshe.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu koyon aikin haƙori, a Jami'ar Bayero ta Kano da sauran wurare, su riƙa duban abin da ke bayan haƙori. Matasan ma'aikata kuma da za su riƙe ma'aikatun lafiya gobe, su sa duban bakin waɗannan yara cikin tsarin asibitocin gwamnati. Iyaye su ma su saurari barcin 'ya'yansu, su faɗa wa likita abin da suka ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.