Gashin Kaza A Sabon Ibadan: Abin Da Gaggawa Ke Ɓatawa

Idan magariba ta yi a unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda fataken da suke kira Badun, hayaƙin tukuba ne yake fara yi wa baƙo maraba tun daga wajen Mokola. Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu, manyan ma'aikata da ɗalibai, kowa yakan tsaya ya sayi tsire ko balangu ko gasasshiyar kaza, har ya zama idan mutumin Ibadan ya ce za shi Sabo da dare ba a tambayarsa abin da zai yo. Wannan suna ba a rana ɗaya aka same shi ba, amma ana iya zubar da shi cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ta wajen kaza ne ɓarakar take neman fitowa.

A cikin shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa, 'yan shekaru kaɗan bayan hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano. Shanu da goro su ne suka raya ta. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna cewa cinikin shanu duka a kan amana ya tsayu. Saniyar Arewa ba ta jimawa a kurmi saboda cizon tsando, don haka tilas a sayar da ita da wuri, galibi bashi, maigida kuwa shi ne yake tsaya wa baƙonsa har kuɗi su fito. Inda shanu suka sauka nan mahauta suke, inda mahauta suke nan tukuba take. Watau mai gashin Sabo ya gaji sana'a, ya kuma gaji amanar da ta zo tare da ita.

Gashin kaza aiki ne dabam da na naman sa. Tsire yanka ne siriri, wuta tana ratsa shi nan da nan. Kaza kuwa ga fata, ga tsoka, ga ƙashi, kuma ƙirjinta yakan riga cinyarta nuna. Saboda haka gwanayen gashi suka fi son budurwar kaza ko ɗan zakaran da bai tsufa ba. Sai a tsaga ta a baje, a goga mata gishiri da man gyaɗa, a jira harshen wuta ya kwanta, gawayi ya zama garwashi, toka ta ɗan rufe shi. Sa'an nan a ɗora ta a gefen raga, nesa da tsakiyar wuta, ana juyawa ana shafa mai, kitsenta yana ɗiga a garwashi, hayaƙin yana komowa cikin naman. Yaji kuwa, watau garin ƙuli-ƙuli da barkono da citta da kanumfari da masoro, ba a zuba shi da yawa tun farko, domin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa ya yi ɗaci. Sai ta kusa sauka ake barbaɗa shi sosai. Wannan aiki ɗan uwan banda ne, irin wadda matan karkara da masunta suka daɗe suna yi wa nama da kifi, sai dai ita banda don ajiya ake yin ta, shi kuwa don ci nan take.

Abin mamaki shi ne, a ƙasar Amurka sai da aka ƙera inji sukutum domin ya yi wannan haƙuri a madadin mutum. Wani mutumin Jihar Oregon mai suna Joe Traeger ya ƙirƙiro shi a 1985, ya yi masa rajista a 1986. Murhu ne mai murfi, ba ya cin gawayi, sai garin katako da aka matse ya zama ƙwayoyi kamar abincin kifi. Wani murɗaɗɗen ƙarfe yana turo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan zuwa inda suke ci, fanka tana hura zafi da hayaƙi cikin murhun, na'urar auna zafi kuma tana ƙara ƙwaya ko ta rage. Mutanen can suna da wata ƙaramar kaza da suke kira Cornish, wadda ake yankawa kafin ta cika sati biyar, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Sukan jiƙa ta a ruwan gishiri, su shafa mata barkono da sukari, su bar ta cikin hayaƙi wajen awa biyu a kan zafin da bai wuce na tafasar ruwa da yawa ba, daga ƙarshe su shafe ta da zuma. Duk abin da injin nan yake yi da waya da fanka, tsohon mai gashin Sabo da tafin hannunsa yake auna shi, ya miƙa hannu bisa raga ya san ko wuta ta yi.

Batun zaƙi a jikin nama baƙo ne ga harshen Bahaushe, ko da yake wasu masu kilishi sukan ɗan sa zuma ko dabino a labu. Wanda yake son gwadawa ba sai ya nemi kayan Turai ba, ga zuma ga mazarƙwaila. Sharaɗin ɗaya ne, kada a sa su sai a mintocin ƙarshe, gama sukari ya fi ƙuli-ƙuli saurin ƙonewa, kaza ta yi baƙi ƙirin alhali cikinta ɗanye ne.

To, wannan baƙi a waje da ɗanye a ciki shi ne ainihin abin da yake damun gashin kaza a yau, ko da zuma ko babu. Ibadan da kewayenta suna cikin manyan cibiyoyin kiwon kaji a Nijeriya, daga nan ake kai 'yan tsaki har Kano da Sakkwato. Kazar gidan gona takan isa yanka cikin sati shida zuwa takwas, ga ta da kauri, ga ruwa a jiki, ta gida kuwa sai ta yi watanni. Mai gashi ba shi da laifi don ya koma ga ta gidan gona, tun da ita ce a kusa, ita ce kuma take cika idon mai saye. Laifin yana wajen wanda zai ɗauki kaza mai kaurin ƙirji ya ɗora ta a tsakiyar wuta mai harshe don layi ya yi tsawo, ya juya ta sau biyu, ya tsuge ta da yaji, ya naɗe ya miƙa. Yaji yana ɓoye launi, dare kuma yana ɓoye sauran. Masana lafiyar abinci sun tsayar da cewa naman kaza ba ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta irin su salmonela sai zafin cikinsa ya kai digiri 74. Ba kowace tukuba take da ma'aunin zafi ba, amma kowace tana da wuƙa: a soki gindin cinya, idan ruwan da ya fito da ja, kaza ba ta nuna ba. Haka nan kwantan jiya da ake ɗumamawa sama-sama, da daskararrun kajin da ake fasa-ƙwaurinsu ta iyakar Binin tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da su a 2003, waɗanda babu mai iya cewa sau nawa suka narke a hanya, balle wanda ya yanka su. A unguwar da masu saye da yawa suke zuwa domin sun tabbata Musulmi ne ya yi yankan, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan aka tambayi mai gashi abin da ya sa yake gaggawa, zai nuna buhun gawayi. Gashi a hankali yana cin garwashi, gawayin kuwa daga dazuzzukan Oke-Ogun, wajen Saki da Iseyin, ake ɗauko mai yawansa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, gidajen da suka kasa sayen gas suka komo suna rububin gawayin da mai tukuba yake nema. Hujja ce mai ƙarfi. Injin Amurka ba zai warware ta ba, gama da wutar lantarki yake aiki, kuma idan aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, kaza ta tsaya. Amma akwai abubuwa biyu da za a iya ara daga gare shi ba tare da an sayo shi ba.

Na farko murfi. Rabin ganga da maƙeri zai tsaga ya sa wa marfi yana riƙe zafi da hayaƙi, garwashi kaɗan ya nunar da kaza har ƙashi, maimakon a bar zafin yana bin iska. Na biyu garin katako. A kasuwar katako ta Bodija, wadda ba ta da nisa da Sabo, tsibinsa ake tarawa, sau da yawa a cinna masa wuta don a rabu da shi. Ana iya matse shi a yi curin da zai ci kamar gawayi, kuma a Ibadan ɗin nan ne Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya take da hedkwatarta, a Jericho. Sai dai a kula, garin katakon da aka yi wa feshin maganin gara ko fenti guba ne a jikin abinci, tilas a ware shi tun daga wurin masu yankan katako. Wannan aiki ya fi ƙarfin mai tukuba ɗaya. Na shugabannin mahauta ne da fadar Sarkin Hausawan Sabo.