Wankan Kyanwa

A ƙasar Karaye da Rogo da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da kyanwa ba. Dalili kuwa, inda rumbun dawa da masara yake, nan ɓera yake, kyanwa ko ita ce dogarin rumbu. Wanda ke tsaron abincin gida kuwa ya cancanci a kula da lafiyarsa.

Amma fa kulawa ba ita ce a yi ta dulmuya ta cikin ruwa ba. Waɗansu yara kan kama kyanwa su tsoma ta a kwatarniya, na bakin madatsar Challawa ma har cikin ruwan dam, wai wanka suke yi mata. Wannan wahalarwa ce kawai. Kyanwar ƙasar nan gajeren gashi gare ta, harshenta kuma yana da kaushi kamar mataji, da shi take wanke jikinta kullum.

Akwai wata iri mai dogon gashi, asalinta ƙasar Farisa, watau Iran ta yanzu, wadda masu sha'awa kan sayo daga birni. Ita wannan harshenta bai isar mata ba. Kadan aka bar ta kwana biyu, sai gashin ya cukurkuɗe, ƙarangiya ta maƙale, ƙuma ta sami maɓoya. Gashin da take lasa kuma ya dunƙule a cikinta, ta yi ta amai. Maganin wannan duka mataji ne. A taje ta kowace rana a hankali, tun ba ƙarƙashin hammata da bayan kunne ba, gama nan ya fi kullewa. Wanda ba shi da haƙurin wannan aiki, gara ya bar ta ga mai shi.

In ƙazanta ta yi yawa har wanka ya zama tilas, sai a taje gashin tukuna, don ruwa ƙara ɗaure kulli yake yi. Sa'an nan a sa ruwa mai ɗumi, a kiyaye ido da kunne, a goge ta sarai, balle lokacin hunturu.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne shafa mata kananzir ko maganin kaskar shanu don ƙuma. Za ta lashe, da yawa kuwa ta nan suke mutuwa. Maganin ƙumar kyanwa wurin malamin dabbobi ake tambayarsa.