Kati ko tsabar kuɗi: kafin ka ba wa Hajiya shawara



Kwana biyu ke nan ana musu a zaurenmu na WhatsApp: in mutum zai fita waje ya yi sayayya, tsabar kuɗi zai riƙe ko katin da ake loda wa dala? Na ga yawancinku kun karkata wajen kati, har wani ya rubuta cewa riƙe tsabar kuɗi a wannan zamani ƙauyanci ne. Amsata ta fi ƙarfin WhatsApp, shi ya sa na kawo ta nan. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Matsayina shi ne: ni da kai da ke karatun digiri na biyu, kati ya fi mana. Amma mahaifiyarka da za ta je sauke farali, ko kawunka da ke saro kaya a Kwatano, in ka matsa musu lallai sai kati, wallahi ka cuce su da sunan wayewa. Abin da ya sa maganar ta dame ni kuwa shi ne mu ake tambaya. Duk gidan da aka samu ɗan jami'a, shi ne lauya, shi ne likita, shi ne ma'aikacin banki. Abin da ka faɗa a waya daga ɗakinka na Choba, shi za a yi a Malumfashi ba tare da an sake tambayar kowa ba.

Wannan musun ma ba mu muka fara shi ba, gwamnati ta riga mu. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina ba matafiya kuɗin guzuri a hannu, sai ta kati ko makamancinsa. Dalilinsu sananne ne: wasu na karɓar dalar da sunan tafiya, su zagaya su sayar wa 'yan canji. Da aka zo shirin Hajjin 2025 aka ce alhazai ma ta kati za su karɓi nasu. Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta yi ƙorafi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, a watan Afrilu aka amince a ba su tsabar kuɗi. A lokacin na ga wasu 'yan boko suna cewa an mayar da hannun agogo baya. Ni ina ganin wannan na cikin 'yan lokutan da aka saurari masu abin.

Mu yi lissafi. Guzurin alhaji a 2025 dala 500 ne, bayan ya biya kujera sama da naira miliyan 8. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, kowace dala riyal 3.75, wato guzurin gaba ɗaya riyal 1,875. Ka raba shi kwana 30, za ka samu riyal 62 da 'yan kai a rana. A ciki Hajiya za ta sayi kati ta kira gida, ta sha shayi, ta biya mai tura keke ranar da ƙafa ta gaza a sa'ayi, ta ba da sadaka, sannan ta haɗa tsarabar mutum arba'in da suka raka ta tasha: dabino, carbi, darduma, jallabiya, lalle, turare, da 'yar motar wasa ta jika. A ina take sayen waɗannan? Ba a manyan kantunan da ke ƙarƙashin dogon agogon nan ba. A lungunan Misfala take saye, wajen mai shimfiɗa kaya a ƙasa, ko wajen matar da ke sayar da tuwo da miyar kuka tana Hausa kamar a Kurmi. A irin wannan ciniki ana taya kaya ne. Ya ce 20, ta ce 10, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta a 12. Ƙarfinta duka yana cikin takardar riyal 10 da ke hannunta, wadda mai kaya yake gani da idonsa.

Na sani Saudiyya ta yi nisa da biyan kuɗi ta na'ura, kusan duk shagon da ke da rajista yana da ita. Amma samun na'ura a shago daban, iya amfani da ita daban. Tsohuwar da ba ta karatun boko, rubutun na'urar da Larabci ko Turanci, mutane ɗari a bayanta a layin ATM, me kuke tsammanin za ta yi? Za ta miƙa katin ga wani yaro mai fara'a, ta gaya masa lambar sirri, ta ce ɗana cire min. Duk tsaron da kuke yabon kati da shi ya ƙare a nan. Ga kuɗin cirewa da ake yanka a kowane zuwa, wanda mai dala 5,000 ba zai ji ba, amma mai riyal 62 a rana zai ji shi har ƙashi. In na'ura ta haɗiye katin, ko aka cire kuɗi a asusu bai fito ba, wa za ta kai wa kuka? Bankin yana Najeriya, ita tana Mina. Kafin a dawo da kuɗin ta riga ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Ba wai tsabar kuɗi ba ta da tata matsalar ba ne. Tana da ita, babba ma. Wadda ta faɗi a cunkoson ɗawafi ta tafi ke nan. Kuma takardun dala duk girmansu ɗaya, launinsu kusan ɗaya, don haka wanda bai san lamba ba ana iya karɓar masa takardar 100 da sunan taimako a mayar masa da ta dala 1. Kusan kowace shekara sai an ji irin wannan labarin. Amma maganin wannan ai a hannunmu yake, kuma ba kati ba ne. Ka zauna da Hajiya kafin ta tafi, ka nuna mata takardar 100, ka nuna mata shuɗin zaren da ke tsakiyar sabuwar da aka fara fitarwa a 2013, ta riƙe ta shafa. Ka ce ta canja ɗaya bayan ɗaya a shagon canji mai lasisi, tare da wanda ta sani tun daga gida, ta nemi ƙananan riyal. Sauran a raba biyu, wani a jikinta, wani a kulle. Wannan zaman na rabin awa ya fi mata duk wani bayanin kati da za ka yi.

Wanda yake son ya fahimci dalilin da mutanenmu suke riƙe da tsabar kuɗi, ya shigo Mile One ranar Juma'a bayan an sauko, ya zauna wajen mai shayi ya saurara. Masu agogo da tabarau, masu yadi, masu albasa, 'yan canji, da yawansu sun taka ƙasashen da mu masu digiri sai a taswira muka sani. Ba jahilcin na'ura ke damunsu ba, kowannensu yana da POS a shago da asusu biyu ko uku a waya. Abin da suka sani shi ne a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ko kasuwar Maraɗi, wanda ya zube sefa lakadan farashinsa daban da wanda ya ce a jira alat. Sun kuma san sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta kwana ta tashi da sabon farashi kamar naira.

Su ɗin dai kuma su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗa a farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Kun tuna. Mai kuɗi a hannu an ce kuɗinsa zai zama takarda, mai kuɗi a banki ya kasa cirewa, tiransifa ta maƙale a hanya, masu POS suna sayar maka da kuɗinka. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris aka samu sauƙi. Tun daga nan ban ga ɗan kasuwar Mile One da ya yarda ya zuba dukiyarsa a wuri ɗaya ba, ko tafiyar Anacha zai yi.

Masu cewa kati shi ne komai, ku ma ku tuna abin da kati ya yi mana. A 2022 bankuna suka rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka rufe gaba ɗaya. A watan Yulin shekarar kuma katunan dala na cikin waya da yawa suka tsaya cak, saboda kamfanin da ke samar musu da su ya dakatar da aiki. Sai a watan Yulin 2025 bankuna suka fara buɗe katin naira ga ƙasashen waje, shi ma da iyaka. Kusan shekara uku ke nan. Duk wanda ya nemi biyan kuɗin jarrabawar Turanci ko kuɗin neman gurbin karatu a tsakanin nan ya san yawon da ya yi yana roƙon mai kati. Abin da takarda ɗaya daga Abuja za ta iya kashewa cikin dare, ban ga dalilin da zan ce wa tsohuwa ta dogara da shi kaɗai a ƙasar da ba ta san kowa ba.

To me ya sa duk da haka na ce mu kati ya fi mana? Saboda abin da muke saye daban ne. Kuɗin buga maƙala a mujalla, rajistar taron ƙara wa juna sani a Alƙahira ko Maleshiya, tikitin jirgi, ɗakin otal, littafin da babu shi a laburare: babu ɗaya da ake biya da takardar dala. A Landan direban bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A Gwanzu ta Chaina kusan komai da waya ake biya, har mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi. Kuma mu muna buƙatar shaida: in jami'a ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyin tafiyar, bayanan kati sun fi tarin rasit da za su jiƙe a aljihu.

Sai dai in za ka yi kati, ka yi na dala wanda ka loda da kanka, wanda bai haɗu da asusun da kuɗin makarantarka ke ciki ba. Amfaninsa biyu. In an sace bayanansa, abin da ke kansa kawai za a taɓa, ka kuma toshe shi ta waya. Na biyu, ka kulle farashi tun ranar da ka loda. Wanda ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Katin naira kuwa farashin da banki ya ga dama a ranar shi za a yi maka lissafi da shi, sai ka ga alat ka sani.

Akwai 'yan abubuwan da ba a faɗa maka ranar karɓar kati. In na'ura a shago ta tambaye ka ko a caje ka da kuɗin ƙasar ko da dala, zaɓi kuɗin ƙasar. In ka zaɓi dala, su ne za su yi canjin da farashinsu, kuma ba don Allah suke yi ba. Otal kan riƙe wani kaso a katinka a matsayin jingina, ya ɗauki kwanaki kafin ya sake shi, to in abin da ke kan katin daidai cikinka ne, za ka kwana da yunwa da kuɗinka a rubuce. Katin da ke cikin waya kawai, wanda ba shi da roba, yana aiki a intanet amma ba lallai ya yi maka amfani a gaban mai shago ba. Babbar matsalar kuma ita ce layin waya: lambar tabbatarwa da banki ke turowa layinka na Najeriya take zuwa. In ka cire shi a filin jirgi ka sa na can, ka kulle kanka da hannunka. Ka tabbatar layin zai karɓi saƙo a waje, ko ka koma karɓar lambar ta imel, tun kana Fatakwal.

Ko da katin, kada ka fita ba tare da dala 100 ko 200 a jikinka ba, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, don 'yan canjin waje suna ƙin tsohuwar takarda ko su rage mata farashi. Su ne kuɗin tasi da abincin daren farko in kati ya ƙi. Masu tafiyar saro kaya kuma, duk abin da ya haura dala 10,000 doka ta ce a bayyana wa kwastan kafin a fita. Ku gaya wa iyayen gidanku na kasuwa, cike takardar kyauta ne, ɓoyewar ce ke jawo a ƙwace.

Abin da nake so Hukumar Alhazai da Babban Banki su yi shi ne su bar zaɓin a kan takardar rajista, layi ɗaya: tsabar kuɗi, kati, ko rabi da rabi. Malamin jami'ar da zai tafi ya ɗauki kati, manomin Gwarzo ya ɗauki dalarsa. In damuwar ita ce masu karkatar da dala, ba a cikin dala 500 ta tsohuwar da ta sayar da gona ta biya kujera ake karkatarwar ba.

Waɗanda iyayensu za su tafi bana, ina da takardar dala 1 da na ajiye don wannan aikin. Ku aro ta 100 wajen 'yan canji na minti biyar, mu ɗauki hoton su biyun gefe da gefe ku tura gida. Ina Mile One duk Juma'a har la'asar.